Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Ministan Albarkatun Ruwa: A Mayar wa Kogin Haɗeja da Raninsa

Zuwa ga Mai Girma Ministan Albarkatun Ruwa na Tarayya, ta hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, tare da sanar da masu girma gwamnonin Kano, Jigawa, Bauchi, Yobe, Borno da Filato.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Ni tsohon malamin firamare ne, ɗan manomi, daga ƙasar Guri ta masarautar Haɗeja. Ba ni da muƙami, ba na kuma riƙe da hatimin wata ƙungiya. Na ɗauki alƙalami ne da yawun mutanen da muke zama da su a gindin bishiya da bakin kasuwa: manoman shinkafa, masunta, makiyaya, mata masu bandar kifi da masu saƙar kaba, tun daga Miga da Auyo har Kirikasamma, Guri, Nguru da Gashuwa. A cikinmu akwai Bahaushe da Babade da Bamange da Bafulatani, kuma ruwa ɗaya ne yake ciyar da mu duka.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, shekara da shekaru ke nan ana maimaita abu guda. Damina ta yi nisa, ruwa ya ci gonaki, a zo jaje da buhunan hatsi da tabarmi. Rani ya shigo, a sanar da aikin yashe kogi da cire ciyawar kacala. Kafin shekara ta zagayo kacalar ta dawo, wani lokaci ma ta fi da kauri. Ana cikin haka kuma sai mu riƙa jin ana sake tayar da maganar gina madatsar Kafin Zaki a jihar Bauchi. A duk wannan hidima ba mu ji ana taɓa tushen maganar ba, wato yaushe ake sakin ruwa daga madatsun Tiga da Calawa na jihar Kano, nawa ake saki, kuma wa ake tambaya kafin a saki. A nan ciwon yake, kuma maganinsa yana hannun ofishinka.

Ka yi mini uzuri in fara bayyana yadda ƙasar tamu take, domin wanda bai taka ta ba zai yi wuya ya gane dalilin da ya sa ɗan ƙaramin abu ke jawo mana babbar ɓarna. Kogin Kano da na Calawa suna haɗuwa kafin Wudil su zama Kogin Haɗeja. Kogin Jama'are kuma daga tsaunukan Jos yake tasowa, ya ratsa ƙasar Bauchi da Katagum. Muddin suna kan ƙasa mai dutse gudu suke yi. Da sun sauko shimfiɗaɗɗiyar ƙasar yashi da laka ta kwarin Chadi sai gudun ya mutu, su tarar da tsofaffin jigayin rairayi da iska ta jera tun zamanin da hamada ta taɓa saukowa har nan, sun miƙe daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma. Ruwa ba ya hawa tudu, sai ya rarrabu ya bi tsakaninsu. Haka kogi ɗaya ya zama rassa: na Kafin Hausa, da tsohon Kogin Haɗeja, da Burum Gana, da Marma wanda ke zuba a tafkin Nguru. A irin wannan ƙasa, yashin da tudunsa bai kai gwiwa ba, in ya taru a bakin reshe, ya isa ya juya kogi gaba ɗaya ya bar garuruwa ashirin da ƙishirwa.

A da, kogin yana da damina yana da rani. Ruwa ya iso a watan Yuli, ya tumbatsa a Agusta da Satumba, ya malale fadamu. Kifi ya bi shi cikin ciyawa ya yi ƙwai. Shinkafa ta tashi tare da ruwan. Da kaka ta yi ruwa ya fara ja da baya, manomi ya bi sawunsa yana shuka wake a kan lema, ba ban ruwa ba taki, domin lakar da ambaliya ta ajiye ta wadatar. Masunta su tare kifin da ya maƙale a kududdufai. Bayan an kwashe amfani, Fulani su sauko da shanu su ci ciyawar burgu da harawa, su bar wa gona kashinsu. Zuwa bazara cikin kogin ya bushe ƙaraf, har sai an tona yashi ake samun na sha. Wannan bushewar, wadda baƙo zai gani ya ce masifa ce, ita ce ke kashe duk ciyawar da ta so kafa sansani a cikin kogi. Ruwan farko na sabuwar damina kuma ya zo da ƙarfinsa ya share yashin da ya taru. Fili ɗaya, sana'a uku ko huɗu, kowa da lokacinsa.

Masu bincike sun auna faɗin wannan malala. A ƙarshen shekarun 1960 takan haura murabba'in kilomita 2,000. A 1984 ba ta kai 300 ba. Ba zan ɗora wa madatsai laifin duka ba, don kowa ya san farin 1973 da na 1984, kuma ruwan sama ba a ofishin kowa ake rubuta shi ba. Amma fari yana zuwa ya wuce. Abin da ya zo ya zauna shi ne Tiga, wadda aka kammala a 1974 bisa aikin da gwamnatin Audu Bako ta ɗauko, da Calawa ta ƙasar Ƙaraye a 1992, da kuma shingen da aka yi kusa da Auyo domin aikin noman rani na kwarin Haɗeja. Tun daga nan kogin ya daina bin kalandar sama, ya koma bin kalandar injiniya.

Kada a ce ba mu san alherin waɗannan ayyuka ba. Birnin Kano da miliyoyin mutanensa daga nan suke sha, ta Tamburawa da Calawa. Tumatir da shinkafa da alkamar Kura, Kadawa, Bunkure da Garun Malam suna ciyar da ƙasa, mu ma muna saye. Ba wanda ke cewa a rushe dam. Kukanmu a kan yadda ake sarrafa shi ne.

Kuka na farko, kuma uwar sauran, shi ne kacala. Dam yana riƙe ruwan damina, ya riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan duk tsawon rani. Wato an rage ƙarfin ambaliyar da ke share kogi, an kuma kawar da bushewar da ke kashe ciyawa. Abin da ya rage shi ne ruwa marar zurfi, marar gudu, wanda ba ya ƙafewa, kuma babu abin da kacala ke so a duniya kamar wannan. Da can tana nan, amma a ɗan lungun tafki, ba wanda ya damu da ita. Yau ta fi tsayin mutum, ta rufe dubban kadada, saiwarta ta saƙe a ƙarƙashin laka, kanta mai kama da gero kuma in ya bushe ya fashe, iska ta kwashi irin ta watsa ko'ina. Ba a nan ta tsaya ba. Duk inda ta tsaya ruwa yana rage gudu, in ya rage gudu ya sauke yashin da ya ɗauko, yashin ya ƙara cike kogin, kogin ya ƙara zama marar zurfi, kacala ta ƙara samun wurin zama. Ita ke gina wa kanta ƙasar da za ta tsaya a kai.

Na sha shiga gayyar yankanta. Mutum ya tuɓe ya shiga ruwa har ƙirji da lauje ko adda, ya laluba gindinta ya yanke a ƙarƙashin ruwa, don mun lura in aka yanke ta a saman ruwa sake tohowa take yi cikin 'yan kwanaki, in kuwa kututturen ya nutse yakan ruɓe. Ganyen yana yanka hannu, matsattsaku suna manne wa ƙafa, wasu na jan abin da aka yanka zuwa gaɓa da igiya. Gari guda zai wuni a buɗe hanyar da kwalekwale ɗaya zai wuce. Gonar da mahaifina ya noma shinkafa a cikinta, wadda na yi tsaron tsuntsu a kanta ina yaro, yau ko iyakarta ba zan iya nuna maka ba. Ba sayar da ita muka yi ba, ba kuma ƙwace ta aka yi ba. Tana nan a ƙarƙashin kacala.

Na biyu, kogin ya sauya hanya, kuma sauyin ya raba mu gida biyu: masu nutsewa da masu ƙishirwa. Bakin reshen Kafin Hausa, da tsohon Kogin Haɗeja, da Burum Gana wajen Likori, duk sun sha toshewa da yashi da ciyawa. Ruwan da ya kamata su raba sai ya tattaru ya bi Marma. Garuruwan bakin Marma da kewayen tafkin Nguru suka wayi gari gonakinsu na tudu sun zama tafki na dindindin, har hanyar motar Haɗeja zuwa Nguru ta sha yankewa. A ɗaya gefen kuma, fadamun da kakanni suka noma shinkafa sun koma fako, masuntansu sun rataye koma sun tafi ci-rani. Kogin Haɗeja, wanda a da yake kai ruwansa Gashuwa ya haɗu da na Jama'are su zama Kogin Yobe, yanzu ɗan abin da yake kaiwa bai taka kara ya karya ba. Kusan duk ruwan da ke wucewa ƙarƙashin gadar Gashuwa na Jama'are ne.

Da mutane suka ga ba mai raba musu ruwa, sai kowa ya zama injiniyan kansa. Wannan gari ya haƙa yankan da zai jawo ruwa gonakinsa, wancan ya tara buhunan ƙasa ya tare, na ƙasa da su su zo da dare su fasa. Wasu masunta kuma suna kafa dumba, wato shingen kamun kifi, su gicciye reshe daga gaɓa zuwa gaɓa, su kama babba da ƙarami, su kuma ƙara tare yashi. Ban wanke mu ba. Amma inda hukuma ta bar gurbi, ƙarfi ne ke raba ruwa, kuma garuruwan da suka yi shekaru ɗari suna auratayya yanzu suna kai ƙarar juna gaban hakimi a kan buhun yashi.

Na uku, jan baki. Kacala ta zame wa wannan tsuntsu gidan da ba mai iya shiga, ga ruwa a gindi, ga abinci a gonakinmu. In garkensu ya taso da asuba sai ka ce hayaƙi ne ya turnuƙe gabas. Duk wanda ya yi koyarwa a wannan yanki ya san abin da ke faruwa da aji daga lokacin da shinkafa ta fara ɗaukar madara: kujeru ne kawai za ka tarar. Yaran suna kan rumfuna a tsakiyar gona tun kafin fitowar rana, an ja igiyoyi ko ta ina an rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki, suna ja suna ihu har muryarsu ta dushe, ba sauka sai magariba. Na taɓa bin wani uba har gona ina roƙon ya bar mini yarinyarsa ta zauna jarrabawa. Ya nuna mini gonar ya ce, “Malam, in ta tafi yau, me za ta ci gobe?” Ban sami amsar ba shi ba. Mai hali yakan sayi raga ya lulluɓe gonar, marar hali ya sa 'ya'yansa. Feshin jirgin sama da akan yi yana rage su na ɗan lokaci, amma muddin gidansu na nan, dawowa suke yi.

Ruwan da ba ya tafiya kuma ba tsuntsu kaɗai yake kiwo ba. Sauro ya daina sanin rani. Tsargiya ta zama ruwan dare a tsakanin yara masu wanka da kamun kifi, har wasu iyaye sun ɗauka fitsarin jini alamar girma ce. Shanu kuma suna kwasar ciwon hanta a wuraren da ruwa ya daɗe kwance.

Na huɗu, rikicin manomi da makiyayi, wanda ƙasar Guri da Kirikasamma suka yi kaurin suna a kansa. Akan ba da labarinsa kamar ƙiyayya ce ta gado. Ba haka ba ne. Da can lokaci ne ke raba su: manomi ya kwashe, makiyayi ya shigo. Da aka hana shigo da alkama daga waje a 1987, aka kuma baza injinan ban ruwa da rahusa, sai fadamar da ke zama makiyaya da rani ta koma gonar alkama da albasa da tattasai. Abin da injin bai ci ba kacala ta cinye, ita kuwa in ta tsufa saniya ba ta kula ta. Burtali ya matse, mashaya ta toshe. Mutum biyu da aka saba ba su fili ɗaya a lokuta daban, yanzu an tura su cikinsa rana ɗaya. Turo 'yan sanda yana kashe wutar ranar, amma ba ya ƙara ko taki ɗaya na burgu.

Akwai kuma ɓarnar da ido ba ya gani. Malalar damina ita ce ke tsimawa ta cika ruwan ƙarƙashin ƙasa, wanda rijiyoyin garuruwan da ke nesa da kogi suke sha, da 'yan bututun da manoman rani ke kafawa. Dazukan gabaruwa da giyayya da goruba su ma da wannan zuwa da komawar ruwa suke rayuwa: in ya daina zuwa su bushe, in ya zo ya ƙi tafiya su ruɓe a tsaye. Wanda ya je Yusufari ya ga yadda tudun rairayi ke matsowa kan gidaje da dausayoyi zai gane abin da wannan koren yanki yake tare wa ƙasar nan.

Sai maganar ambaliya. A 2020 da 2022 mun ga abin da ba ma fatan sake gani. Daga Ringim da Taura zuwa Jahun, Miga, Auyo da Kafin Hausa, ruwa ya ci gonaki da gidaje da rayuka, matasan Haɗeja suka kwana a kan jinga suna cika buhuna don kada ya shiga gari. A irin wannan lokaci abin da za ka ji a bakin kowa shi ne, “An saki Tiga.” Na san jami'anka sukan amsa cewa ba wanda ya buɗe komai, dam in ya cika da kansa yake tsallake mafitarsa. Na yarda. Amma wannan amsar ita kanta tana haifar da tambaya: me ya sa za a bar shi ya shiga tsakiyar damina a cike, har ya zama ba shi da wurin karɓar ruwan Agusta? Kuma ruwan da ya tsallako, ina zai bi, tunda rassan da za su ɗauke shi sun toshe? Ambaliyar da muke roƙo da wadda muke kuka da ita ba ɗaya ba ce. Ta farko tana zuwa a kan lokaci, shinkafa ta tashi da ita. Ta biyu tana zuwa a makare, a dare ɗaya, ta tarar da amfani ya kusa nuna.

Bayan abin da ya sami Maiduguri a watan Satumban 2024, da madatsar Alau ta ɓalle, ba wanda ke zaune a ƙasan dam da zai yi barci da ido biyu rufe. Tiga ta haura shekara hamsin, kuma tun a 1992 aka rage tsayin mafitarta saboda kiyaye lafiyar ginin. Muna da haƙƙin mu san halin da take ciki, daga bakin hukuma, ba daga jita-jitar WhatsApp ba.

Game da Kafin Zaki kuwa, ranka ya daɗe, a yi hattara. Mun san 'yan'uwanmu na ƙasar Ningi da sauran Bauchi sun daɗe suna jiran wannan aiki tun ƙarshen shekarun 1970, kuma buƙatarsu ta noman rani gaskiya ce. Amma madatsar da aka tsara a kan Kogin Bunga, wato saman Kogin Jama'are, mai ɗaukar kubik mita biliyan 2.7, ta fi Tiga girma, kuma Jama'are shi ne babban kogin da ya rage a wannan kwari yana zuwa da damina ya koma da rani yadda Allah ya halicce shi. Shi ke riƙe da fadamun Katagum, da shinkafar Gashuwa, da bikin kamun kifin Bade a Gorgoram, da Gaidam da Damasak. Shi ne kuma ruwan da manoman tattasai na jihar Difa a Nijar suke ban ruwa da shi, a inda kogin ya zama iyakar ƙasashen biyu kafin ya kai Tafkin Chadi wajen Boso da Malam Fatori. Najeriya da Nijar sun sa hannu a Maiduguri a 1990 kan raba ruwan da suka yi tarayya a kai bisa adalci, kuma wannan kogi yana ciki. Gaskiya ne mafi yawan ruwan Chadi daga Shari da Lagone yake zuwa, rabon Yobe kaɗan ne. Amma ga mutanen da ke gaɓarsa, wannan kaɗan ɗin shi ne duka. In aka yi wa Jama'are abin da aka yi wa Haɗeja, kacalar da ke ƙofar gidana za ta isa Gaidam.

Abin da ke ƙara mana takaici shi ne, ba ilimi ne ya yi ƙaranci ba. Tun 1987 aka kafa aikin kiyaye dausayin Haɗeja da Nguru, masana na gida da na waje suka yi shekaru suna auna ruwa, suna ƙirga tsuntsaye, suna bin masunta da manoma da takarda. Masana tattalin arziki a cikinsu suka lissafa shinkafa da wake da kifi da itacen da fadama ke bayarwa, suka nuna cewa ruwan da ya malala a fadama yana haifar da amfanin da ya ninka na wanda aka zuba a manyan ayyukan ban ruwa nesa ba kusa ba. Suka ba da shawarar a riƙa sakin ruwa da gangan a tsakiyar damina. A 2006 aka yi taron ƙoli a Damaturu zamanin Shugaba Obasanjo, jihohi shida suka amince da tsarin kula da kwarin baki ɗaya, aka kafa asusun amana dominsa. Lambobin yabo kuwa ba a magana. Mijin Sarauniyar Ingila ya zo Dagona ta ƙasar Bade kallon tsuntsaye a 1989. A shekarar 2000 aka sa tafkin Nguru da Marma cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar. A 2020 UNESCO ta amince da yankin Haɗeja, Nguru da Bade a matsayin wurin da duniya ke tattalinsa. Agwagin da ke tasowa daga Turai suna ƙetare Sahara su sauka a nan tare da kirinjijiya da ɗinya, suna da takardun kariya fiye da manomin da ke gefensu, amma su ma buɗaɗɗen ruwan da suke sauka a kai kacala tana cinye shi. Bankin Duniya ya ba da rancen ɗaruruwan miliyoyin daloli ta shirin gyaran noman rani na TRIMING da shirin farfaɗo da ƙasar noma na ACReSAL. An gyara magudanan ban ruwa, mun gani, mun yaba. Sai dai gyaran magudana a sama bai sauya jadawalin da ke kashe ƙasa ba.

Saboda haka ga abin da muke roƙo.

A rubuta ƙa'idar sakin ruwa daga Tiga da Calawa da shingen Auyo, a buga ta kowa ya gani, a kuma gina ta a kan abu biyu: sakin ruwa mai ƙarfi, da saninmu, daga ƙarshen Yuli zuwa Agusta, wanda zai share rassa, ya cika fadamu, ya kuma bar wa dam wurin karɓar ruwan ƙarshen damina, sannan da rani a taƙaita saki ga abin da birnin Kano da gonakin ban ruwa suke buƙata na haƙiƙa. In mafitun Tiga ba za su iya fitar da ruwan da ake buƙata a lokaci guda ba, a faɗa mana, a kuma sa gyaransu a kasafi. Injinan lantarkin da gwamnatin Kano ta girka a Tiga su ma a sa su cikin wannan lissafi, don injin wuta ruwa yake so kullum, kogi kuwa hutu yake so.

Na san wannan roƙo yana da ɗaci ko a cikinmu. Dubban manoman rani a ƙasan Haɗeja yanzu da wannan ruwan na rani suke noma, ba za a yanke musu shi rana ɗaya ba. Shi ya sa muke roƙon a gina ƙofofin raba ruwa a manyan mararrabai, musamman wajen Miga da Likori, yadda za a iya busar da reshe ɗaya na wasu makonni ana bai wa ɗaya, bi da bi, a sanar tun kafin a yi shuka. Reshen da aka busar a yanke kacalarsa, a ƙone, a yashe shi, shanu su shiga su tattake. Injinan yashe kogi da gwamnatin Jigawa ta sayo sun yi amfani a inda suka shiga, amma a haɗa aikinsu da wannan jadawali, a kuma fara daga bakunan rassa, tare da shawarar sarakunan ruwa da bulamai da suka san inda tsohuwar hanyar ruwa take.

A farfaɗo da ma'aunan ruwa a Wudil, Haɗeja, Likori da Gashuwa, a riƙa karanta matakin ruwan dam da na kogi a gidajen rediyo da Hausa da Kanuri da Fulatanci da Badanci, kullum daga Yuli zuwa Oktoba. Ruwan da ya bar Tiga yana ɗaukar kwanaki kafin ya iso mu. Waɗannan kwanakin sun isa mutum ya kwashe iyalinsa da awakinsa, in an gaya masa. A kuma fitar da rahoton lafiyar ginin Tiga da Calawa a bainar jama'a.

Kada a sa hannu a kan wata kwangilar Kafin Zaki sai an zauna da mutanen Katagum, Bade, Gaidam da Damasak, an kuma rubuta adadin ruwan da dole a bari ya wuce kowace damina, da wanda zai tilasta hakan in an saɓa.

Ga masu girma gwamnoni: asusun da kuka kafa a Damaturu naku ne, ku biya kasonku, ku ba shi haƙoran da zai iya tsawatar wa jiha ko hukuma. Ku fitar da burtali da mashaya a fadamu, a kafa musu alama da siminti, a hukunta wanda ya nome su kamar yadda ake hukunta wanda ya yi ɓarna a gona. A hana dumbar da ke gicciye reshe baki ɗaya. Gwamnatin Kano kuma ta dubi abin da masana'antun jima na Calawa da Sharaɗa suke zubarwa, don ƙarshensa a tukunyarmu yake sauka.

A duk kwamitin da zai yanke ranar buɗe ruwa da ranar rufe shi, a ba masunci da manomi da makiyayi na ƙasan kogi kujera mai ƙuri'a, ba kujerar 'yan kallo ba.

Daga ƙarshe muna gayyatarka ka zo da kanka, amma ba a watan da aka share hanya aka kafa rumfa ba. Ka zo a Satumba ka ga Marma, ka dawo a Maris ka ga Burum Gana. Za mu tanadi kwalekwale a zuwan farko, na biyun mota ta isa.

Allah ya taimake ka a kan wannan nauyi, ya sa a gama lafiya.

Naka cikin girmamawa,
Wani tsohon malamin makaranta,
daga ƙasar Guri, Jihar Jigawa,
a madadin manoma, masunta da makiyayan dausayin Haɗeja da Nguru.